A Dakata da Taki Tukuna

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Baba ya je gidan dagaci gaisuwar taki, ya dawo bai ce wa kowa komai ba. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya nemi ruwa. Inna ce ta kasa haƙuri.

"Malam, an sa albarka?"

"An ce a dakata tukuna."

"A dakata da me?"

"Da taki mana. Me na je yi?"

Gonar bakin tsamiya ba tamu ba ce, aro ce. Mahaifin dagaci ne ya ara wa kakana, kuma ita kaɗai muke ci. Duk kaka Baba yana kai damin gero gidansu. Duk bazara kuma, kafin a ɗora wa jaki mangala, sai ya je ya ce za a fara kai taki, a ce masa Allah ya ba da damina mai albarka. A garin nan in mutum ya riga ya zuba taki a gona, ba mai karɓe ta a wannan shekarar, ko da mai ita ne, don abin kunya ne. Shi ya sa ba a zubawa sai an ce a zuba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin an ce mana a dakata ba.

Ba dagacin ne ya faɗa ba, shi yana kwance tun kafin azumi. Ƙaninsa Dallatu ne, wanda komai ke hannunsa yanzu.

Ba saboda ni ba ne. Ba wanda ya san ni ce.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko zuciyata ta daina kai-komo.

Kafin azumi wasu mutane suka zo da riguna masu ɗaukar ido, suka tashi wani ɗan jirgi mai ƙugi a kan gonakin gabas, suka kafa turaku masu jan fenti. Dallatu na biye da su yana nuni da sanda. Wasu sun ce titi ne, wasu sun ce wutar sola, wasu sun ce gidaje za a gina wa 'yan birni. Aka yi taro a ƙofar dagaci, maza suka je suka zauna suka taso. Na tambayi Baba me aka ce, ya ce an yi addu'a.

Haushin wannan ne ya sa na ƙirƙiri Masu Awo. Na kai labarin shekara ɗari biyu nan gaba. Wasu halittu ne daga wata duniya da suka cinye ƙasarsu kaf, suka taho neman ta wasu. Amma suna da doka, ba sa ɗaukar ƙasar da mutum ke kai. Sai suka ba wakilin gari wani tabarau, wanda in ya sa ya dubi gonaki ba ya ganin kowa, ko da ana tsaka da noma. Ya rantse musu cewa fili ne ba mai shi, kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa.

Na shiga ɗakin ajiya da tsakar rana, na lulluɓa da bargo a wannan zafin, na karanta labarin ina ɗauka a waya. Na sa manhajar da ke mai da murya kamar ta ƙarfe. Na tura wa Tahira, ƙawata tun muna kwaleji a Bici, ita ta saka a guruf-guruf ba suna. Ba a jima ba ya dawo garinmu da ƙafarsa, Sama'ilu mai cajin waya yana zuba wa mutane a memori. Kashi uku ke nan na yi.

Da na ce Dallatu kaza, ba wanda zai tsaya ya saurara, kowa zai tuna yana da aiki. Da na ce shekara ɗari biyu ne, sai ga shi har tsofaffi suna cewa a ƙara sauti.

Ban ambaci garinmu ba. Ban ambaci kowa ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da rana

A bakin famfo mata sai dariya. Wai yanzu ba a ce wa Dallatu komai sai Mai Tabarau, mutumin da ko na karatu ba ya sawa. Inna Fanta mai ƙosai ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni, ashe abin da za a yi wa jikokinmu ke nan." Wata ta ce, "Waɗanne jikoki, Inna? Leƙa gonar gabas." Ni ina ta wanke bokitin da ba shi da datti.

Da na kai caji Sama'ilu ya dube ni ya ce, "Malama Aina'u, ke fa ba ki taɓa karɓar Masu Awo ba. Duk mai waya a garin nan ya karɓa sai ke, ga shi ke ce mai son karatu."

Na ce ba ni da wuri a memori.

Ya ce, "Ai kuwa da wuri, na gani."

Wa ya ce ya duba? Na ce ya zuba min. Haka na dawo gida da muryata a hannu kamar na sayo. Ban taɓa tunanin rashin tambaya ma magana ba ce. Murmushin da ya yi bai yi mini ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan masallaci

Baba ya koma. A dakata tukuna.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

A kashi na uku na sa mutanen gari sun tuge turakun Masu Awo sun ɗaure awakinsu da su. Don dariya na sa. Wallahi don dariya na sa.

Yau an wayi gari ba turke ko ɗaya a gonakin gabas. An ga akuya a bayan makaranta ɗaure da mai jan fenti, kuma ba wanda ya san akuyar waye, a garin da kowa ya san har kazar maƙwabcinsa.

Na yi dariya, daga baya na daina.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Shagon Sama'ilu a rufe. An ce wata mota ta zo da safe ta tafi da shi. Wayoyin mutane suna ciki, tawa ba ta ciki.

Ba zan rubuta abin da ake faɗa ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na kira Tahira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, ba ta ɗauka ba. Tahira da ko girki take yi waya na maƙale a kunnenta. Mijinta mutum ne mai abokai a ofis-ofis, kuma ita ba ta iya ɓoye masa komai, ko kuɗin cefane ya yi saura sai ta faɗa.

Ban ce ita ce ba.

Yau na kasa koyar da 'yan aji huɗu. Na rubuta musu jimla a allo na ce su kwafa, na tsaya a taga ina kallon jakuna suna wucewa da mangala. Kowa yana kai taki. Hanyar gona duk ta ɗauki wari, warin da a da nake toshe wa hanci. Yau da na ji shi hawaye ne ya zo min.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

An sa wa Malam Abdulmumini albarka. Shi ma aro yake noma a wajensu, gonarsa tana jikin tamu. An sa wa duk masu aro. Mu kaɗai aka ce mu dakata.

To an sani ke nan. Tambayar ita ce wa ya faɗa.

Sama'ilu ya dawo, ya buɗe shago. Ba ya zuba wa kowa komai yanzu sai karatun Alƙur'ani. Na gaishe shi ya amsa yana kallon soket. Ko dai kunyar abin da ya faɗa a can yake ji, ko kuma haushina yake ji don ni na ja masa. Duka biyun fuska ɗaya suke da ita.

Ban ce shi ne ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da rana

Inna ta tsaya a kaina ina danna waya, ta daɗe, ta ce, "Wannan abin dai ba ya kawo alheri." Ta wuce. Me take nufi? Kullum tana faɗar haka. Amma yau ta daɗe kafin ta faɗa.

Takin yana bayan gida, ya kusa kai katanga. Kashin awaki, toka, sharar tsakar gida, Baba ya shekara yana tara shi. Kullum da safe sai ya je ya juya shi da shebur, ya tsaya ya dubi gabas. Jakin ma ya yi ƙiba don zaman banza.

Baba bai tambaye ni komai ba. Shi ko waya ba ya saurara sai labaran rediyo. Shi kaɗai ne a garin nan nake iya kallo cikin ido, kuma shi ne na cuta.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Dallatu ya zo gidanmu da kansa. Ya zauna a zaure da Baba, ya ce a kira masa Malama su gaisa. Na sa hijabi na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Malama, ya yara? Ya ƙoƙari?"

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"An ce ku 'yan boko kun san labaran taurari. Akwai wani da ake ta ji a waya. Na saurara, wallahi mai shi yana da kai."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Wai shekara ɗari biyu nan gaba, amma ga tsamiya a bakin hanya, ga rijiya mai murfin ƙarfe a gefenta. Ashe tsamiyarmu tana da nisan kwana."

Na ce, "Ai tsamiya tana ko'ina, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya ce shi bai zo da faɗa ba. Ya ce labari bai ƙare ba, kuma kowane labari ƙarshensa ake dubawa. Da mai shi zai yi kashi na ƙarshe, a gane ashe Masu Awo alheri suka kawo, wuta da ruwa da aikin yi, a gane wakilin gari shi ya hango abin da sauran ba su hango ba, ai da hankalin jama'a ya kwanta.

Ya juya wajen Baba. "Malam Iliyasu, hadari ya fara haɗuwa. In hankalin jama'a ya kwanta, sai mu sa albarka a kai taki. Ba na son ka makara."

Baba yana kallon tabarma. Ya ce, "Allah ya ƙara girma."

Da ya tafi na jira Baba ya daka min tsawa, ko ya tambaye ni. Ya tashi ya tafi wajen jaki.

Laraba, 30 ga Afrilu, da safe

Tahira ta kira. Ban bari ta gama sallama ba na zazzage mata duk abin da ke cikina. Sai ta ce ɗanta ne aka kwantar a asibiti, kwana da kwanaki ba ta san inda wayarta take ba. Ta rantse da Allah ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta. Tana kuka ta ce, "Aina'u, ni?"

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, da irin muryar da ke nufin akwai komai.

Amma mai laifi ma yana kuka. Allah ya yafe min, har yanzu ina wannan tunanin.

Juma'a, 2 ga Mayu, da hantsi

Ina tankaɗe ina ta lissafa wa Inna mutane, ban ce mata a kan me ba, na dai ce garin nan ba amana. Ta ajiye muciya.

"Ke, kin ishe ni. Kin zargi mai caji, kin zargi ƙawarki, jiya har ni kike kallo ta gefen ido. Je ki tambayi ubanki abin da ya faɗa a gidan dagaci."

Juma'a, bayan la'asar

Na same shi a bayan gida yana gyaran mangala. Na tsuguna. Shi ya fara magana.

"Uwata, Inna ta faɗa miki ke nan."

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa yake kirana haka.

Ya ce ranar da ya fara zuwa gaisuwar taki ya tarar da zauren cike, ana maganar Masu Awo. Dallatu yana cewa wannan aikin 'yan birni ne, 'yan jami'a. Wai a garin nan wa ke da kan da zai ƙirƙiro wata duniya, mutanen da ba su san komai ba sai kashin awaki. Mutane suna ta dariya suna cewa gaskiya ne, ranka ya daɗe. Da zaure ya watse, saura su biyu, Baba ya ce masa, "Ranka ya daɗe, a gidan mai kashin awakin aka yi shi."

Tun ranar farko. Tun kafin a tuge turaku, tun kafin motar Sama'ilu. Dallatu ya sani, ya zuba min ido ina ta cin naman mutane a zuciyata.

Na ce, "Baba, ya aka yi ka san ni ce? Ai na canza muryar."

"A majalisa na ji an kunna. Injin ya canza muryarki, amma bai canza inda kike tsayawa ki ja numfashi ba. Tun kina biya allo haka kike yi."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce ni na rufa wa kaina asiri da bargo a cikin zafi don kada abin ya taɓa shi, shi kuma ya je ya kai mu da bakinsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. Ya ci gaba da gyaran mangala har na gama.

Na ce, "Ba ka yi nadama ba?"

Ya ce, "Ta gonar, na yi. Ta maganar, ban yi ba."

Lahadi, 4 ga Mayu, da dare

Na shiga ɗakin ajiya na yi kashi na ƙarshe. Masu Awo sun kawo wuta. Tabarau ashe na hangen nesa ne. Wakilin gari ya zama gwarzo, yara suna masa waƙa. Na saurara, ya fito tsaf, ba wanda zai ce ba mai labarin ba ce.

Labari dai ba a tuƙa tuwo da shi. Inna tana da hawan jini, Baba ya haura sittin, ni kuma aikin sa-kai nake yi a makaranta. Waɗanda suka yi dariya a bakin famfo duk sun kai takinsu.

Na faɗa wa Baba da yamma cewa na yi, gobe in na sami sabis zan tura wa Tahira, in har za ta karɓa. Ya ce in kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa. Ya ce in miƙo masa buta.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Ƙarar shebur ce ta fito da ni bayan sallar asuba. Baba ya cika mangala, ya ɗora wa jaki. Na ɗauka gonar zai kai ba albarka, a yi abin da ba a taɓa yi ba. Na bi shi har ƙofar gida. Bai yi gabas ba, kudu ya yi.

Gonar Gwaggo Maijidda ya kai, ƙanwarsa da mijinta ya rasu, 'yar gonar da ba ta fi tsakar gidanmu biyu ba. Ya dawo ya sake cikawa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya ya san abin da hakan ke nufi, mai aro ya kai takinsa wani wuri. Ba sai ya je ya faɗa wa Dallatu ya saki gonar ba.

Na tare shi a sawu na uku. Na ce, "Baba, don Allah ka tsaya. Na ce maka na yi. Yau zan tura."

Ya ce, "Na ji shi ai. Shi ya sa."

Na riƙe igiyar jakin. Ya cire hannuna a hankali.

"In kin tura wannan, bana za su sa albarka. Baɗi kuma su zo da wani abin da suke so ki faɗa, su ce a dakata tukuna. Yanzu ba abin da ya rage namu a hannunsu. Ki ƙarasa labarinki yadda kika ga dama, Uwata. Matsa, rana tana yi."

Inna ta zauna a bakin murhu ba ta hura wuta ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Bayan gida wayam. Sai baƙin tabo a jikin katanga, daidai inda takin ya kai.

Na goge na ƙaryar. Ban fara na gaskiyar ba. Duk sanda na buɗe baki sai in ji inda nake jan numfashi.

Asabar, 10 ga Mayu, da rana

An dawo da turaku, na siminti wannan karon. Akwai biyu a gonar bakin tsamiya. Har yau ba wanda ya san me za a yi.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

An yi ruwan shuka jiya da magariba, mai yawa. Tun da duku-duku gari ya fita, ana jin muryoyin mutane a hanyar gabas suna yi wa juna barka da ruwa.

Baba ya idar da salla, ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri kamar kowace shekara, ya bi ta zaure da sauri. Ina kallonsa ta taga. Ya kai ƙofar gida, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

Ya dawo ya jingine sungumin a bango, ya ce wa Inna ko akwai sauran koko.